Tambayoyi Kan Tillandsia imperialis, Tsiron Tsaunukan Meziko

Shin wani nau'in kauci ne?

A'a. Kauci yana tsotse ruwan jikin bishiya, shi kuwa wannan tsiro wurin zama kawai yake nema a kan reshe, saiwarsa ta riƙo ce. Danginsu ɗaya da abarba.

A ina yake fitowa?

A dazuzzukan tsaunukan Meziko, musamman a jihohin Oaxaca, Puebla, Veracruz da Hidalgo, har zuwa wuraren da tsayinsu ya haura mita 2,500, inda iska mai laima daga Tekun Meziko ke hawa dutse ta zama gajimare, ta lulluɓe itatuwa.

Tunda ba ya taɓa ƙasa, me yake sha?

Ganyayensa suna haɗuwa a gindi su tare ruwan sama da raɓa. Busasshen ganye da matattun ƙwari sukan faɗa ciki su ruɓe, daga nan yake samun abinci.

Zai rayu a ƙasarmu?

Wannan tambaya ce mai wuyar amsawa kai tsaye. A Kano ko Sakkwato ba na ba kowa shawarar ya gwada, domin zafin bazara da bushewar hunturu sun saɓa wa duk abin da tsiron ya saba da shi. A Jos, wadda ke kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, ko a tsaunin Mambila da ya fi ta tsayi da laima, mai yiwuwa ya rayu, amma ko a can sai da sharuɗɗa: inuwa mai ɗan haske, iska mai kewayawa, sanyin dare, da ruwan sama maimakon ruwan burtsatse mai gishiri-gishiri. Kada a dasa shi a ƙasar lambu, domin gindinsa zai ruɓe. A ɗaure shi a jikin itace. Ko an cika duk wannan, yana iya yin shekaru bai fitar da jan kan furensa ba.

Me ya sa yake raguwa a Meziko?

Ana sare dazuzzukan, sannan ana cire shi daga itatuwa ana sayarwa don adon Kirsimeti, lokacin da kansa ya yi ja. Mai saye ba tare da tambayar asalinsa ba yana da hannu a wannan ɓarna.

Nawa tsiron ya fara bushewa bayan ya yi fure.

Kwantar da hankalinka, haka ɗabi'arsa take. Uwar takan mutu a hankali, 'ya'ya su fito daga gindinta, sai a bar su su yi ƙwari kafin a raba su.