Cin karon muradu a mujallun binciken ilimi

Cin karon muradu shi ne a ce mai bincike, ko edita, ko masanin da aka ba takarda ya duba kafin a buga, yana da wata maslaha tasa a gefe wadda za ta iya karkatar da hukuncinsa. Galibi kuɗi ne, wato kamfani ya ɗauki nauyin binciken ko mutum yana da hannun jari a ciki, amma akwai abota, akwai gaba, akwai neman ƙarin girma a jami'a. Samun irin wannan alaƙa ba laifi ba ne a kan kansa, ai bincike sai da kuɗi, inda ɓarnar take shi ne a ɓoye wa mai karatu.

A 1967 mujallar New England Journal of Medicine ta buga wani nazari na masana uku daga jami'ar Harvard da ya rage wa sukari laifi a ciwon zuciya ya ɗora wa kitse. Ashe ƙungiyar masu masana'antar sukari ta Amurka ce ta biya su dala 6,500, kuma ba a faɗa ba, sai a 2016 wasu masu bincike a Kalifoniya suka tono wasiƙun. Ita kanta mujallar sai a 1984 ta fara neman marubuta su bayyana irin wannan.

Wanda ya fi ciwo shi ne na wani likita a Ingila, Andrew Wakefield. A 1998 The Lancet ta Ingila ta buga takardarsa a kan yara 12 kacal, wadda ta sa mutane zargin cewa rigakafin MMR na ƙyanda da hangum yana da alaƙa da lalurar otizim (galahanga), alhali a lokacin wani lauya da ke shirin kai kamfanonin rigakafin kotu yana biyansa, kuma tun 1997 an shigar da neman haƙƙin mallakar wani rigakafin ƙyanda da ya ƙirƙiro. Ɗan jarida Brian Deer ne ya fallasa batun kuɗin a 2004, amma sai a 2010 aka janye takardar aka kuma ƙwace masa lasisin likita. Shekara 12 fa! Kafin nan iyaye da yawa sun ƙi kai yaransu allura, ƙyanda ta sake yaɗuwa a Ingila.

Maganin da aka fi dogara da shi shi ne fom. Kwamitin editocin mujallun likitanci, ICMJE, yana da fom da marubuci zai cike ya lissafa alaƙarsa ta kuɗi ta watanni 36 da suka wuce, sannan ƙungiyar COPE da aka kafa a 1997 tana ba editoci ƙa'idoji, misali edita ya janye hannunsa idan takardar ɗalibinsa ce. Toh amma fom ɗin amana ce kawai, ba kasafai ake bin diddigi ba, shi ya sa a 2018 José Baselga, babban likitan cibiyar cutar daji ta Memorial Sloan Kettering a Amurka, ya yi murabus bayan an gano bai bayyana kuɗin kamfanoni ba a takardu masu yawa.

Su ma masu buga mujallun suna da nasu muradin, kuma wannan babu fom ɗinsa. A 2009 Elsevier ta amsa cewa reshenta na Ostareliya ya fitar da wasu mujallu shida da kamfanonin magani suka biya, masu kama da na bincike, ɗaya Merck ce ta ɗauki nauyinta. Yanzu kuma da a mujallu da yawa marubuci ne ke biya a buga masa, duk takardar da aka ƙi asara ce ga irin wannan mujalla. Hindawi, mai buga irin waɗannan mujallu, wadda kamfanin Wiley ya saya a 2021, ta janye takardu sama da 8,000 a 2023 kaɗai.