Waiwaye: yadda aka daina zuƙar jini da baki a lab

Yanzu in ka leƙa lab, wato ɗakin gwaje-gwaje, ka ga ma'aikaci da safar hannu da farar riga, ga akwatin zubar da allura a gefensa, sai ka ɗauka dama can haka abun yake. Ina! Har cikin shekarun 1970 a ɗakunan gwaji da yawa da baki ake zuƙo ruwan jini cikin siririn bututun gilashi, mutum yana tsotsa a hankali idonsa na kan layin awo, in ya kai sai ya yi maza ya toshe saman da ɗan yatsa, in kuwa tsautsayi ya gitta ya zarce to sai cikin bakinsa. A kan teburin nan ake busa sigari, abinci ma a firji ɗaya yake kwana da jinin marasa lafiya.

Kuma ba wai ba a san da haɗarin ba fa. Wani masani a Amurka, Robert Pike, ya tattara lissafin mutum 4,079 da suka kamu da cututtuka iri-iri a lab daga 1930 zuwa 1978, 168 sun rasu, abun da ya fi ɗaure kai shi ne ko kashi 20 cikin 100 ba a iya danganta su da wani haɗari da aka gani ya faru ba, sauran kawai mutum ya wayi gari ba lafiya. A 1967 ma a Marburg da Frankfurt na Jamus da kuma Belgrade na tsohuwar Yugoslavia, masu aiki da jini da naman birai da aka kawo daga Uganda suka kwashi wata sabuwar cuta, mutum 7 suka mutu.

Amma wanda ya daɗe yana yi wa ma'aikata ɗauki ɗai-ɗai shi ne ciwon hanta nau'in B, sai dai an maida shi kamar wani ɓangare na aikin, in idonka ya yi rawaya ka kwanta ka warke ka dawo. Riga-kafinsa ya fito a 1981, da yake da jinin mutane aka haɗa shi kuma a shekarar ne aka fara ganin ƙanjamau, da yawa suka ƙi yarda a yi musu, sai a 1986 da aka samu wanda ake haɗawa da yis.

Gaskiya tsoron ƙanjamau ne ya tashi kowa tsaye. A 1984 aka samu rahoton wata nas a Ingila da ta kamu bayan allura ta soke ta, daga 1985 zuwa 1987 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce kowane jini a ɗauka yana da cuta, ko na waye, a daina jiran sai an ga tambarin gargaɗi a jikin kwalba. Ni abun da ke ban mamaki, in allura mai jinin HIV, ƙwayar da ke jawo ƙanjamau, ta soke ka yiwuwar kamuwa wajen kashi 0.3 ne cikin 100, na ciwon hanta nau'in C wajen 1.8, shi ko B ga wanda ba shi da riga-kafi yana iya kaiwa 30, kuma ƙwayar tana iya yin sati guda a busasshen jini kan tebur ba ta mutu ba. Wato wanda aka raina shi ya fi saurin kamu.

A Disambar 1991 hukumar OSHA mai kula da lafiyar ma'aikata a Amurka ta maida abun doka: mai wurin aiki shi zai biya kuɗin riga-kafin B da kayan kariya, an hana zuƙa da baki, an hana ci da sha a wurin, an hana maida wa allura murfinta da hannu biyu. Nan ne nauyi ya tashi daga "ka dinga kula mana" ya koma wuyan mai ɗaukar aiki. A 2000 aka ƙara dokar da ta tilasta amfani da allurai masu rufe bakinsu da kansu, Tarayyar Turai ta yi irin tata a 2010.

Yau in allura ta soki ma'aikaci zai wanke wurin da ruwa da sabulu ya kai rahoto nan take, in akwai fargabar HIV a fara ba shi magani kafin awa 72 ta cika, ya sha kwana 28. Hanta C dai da aka gano a 1989 har yanzu ba shi da riga-kafi, sai dai a yi ta bibiyar jinin mutum, in ya bayyana akwai ƙwayoyin da ke warkar da shi cikin wata 2 zuwa 3.