Kafin a ɗora ruwan zafi

Abin da na fi gani a wurin aiki shi ne a kawo mana yarinyar da aka yi wa fyaɗe bayan kwana uku ko huɗu, an riga an yi mata wanka, an gasa ta da ruwan zafi, an wanke zanenta an shanya. Ba na ganin laifin uwa, tausayi ne da neman rufin asiri. Sai dai ruwan nan ya tafi da shaidar da za ta tsaya wa 'yarta a gaban alƙali.

Masu binciken laifi ta hanyar kimiyya ba duba irin na bokaye suke yi ba. Abin da mai laifi ya bari suke bi: maniyyi, yawu, gashi, jini, har da fatarsa da ta maƙale a farcen yarinya lokacin da take ƙoƙarin ƙwatar kanta. A cikinsu akwai ƙwayar halitta ta DNA, wadda ta kowa daban ce, in ban da tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya. Mutum yana iya rantsuwa ya musa, amma wannan ba ta musuwa.

Don haka iyaye, a daure. Kada ta yi wanka, kada ta wanke baki, kada a yanke mata farce. In dole sai ta sauya kaya, a naɗe kowanne daban a takarda mai tsabta. Ban da leda, domin leda tana riƙe laima, shaidar ta ruɓe. Ɗakin ma a rufe shi, kada a share, kada a ɗauke shimfiɗa, kada maƙwabta su cika shi da sunan jaje.

Sannan a fara da asibiti, tun a ranar. Maganin kariya daga cutar ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72, a sha kwana 28. Na hana ɗaukar ciki bai wuce awa 120 ba. Zaman sulhu da dangin wanda ya yi fyaɗen yana iya jira, waɗannan awannin ba sa jira.

A Kano akwai cibiyar Waraka a Asibitin Murtala, a Kaduna akwai cibiyoyin Salama. Inda babu, babban asibiti mafi kusa. Ko an riga an yi wankan, a kawo ta. Likita zai duba raunuka ya rubuta, kuma kotu tana karɓar rahoton.