Dokar kare bayanai: kana da ikon tambayar mai karɓar NIN ɗinka

A Gusau ko Ƙaura Namoda ko Talata Mafara, da zarar an ji ƙishin-ƙishin rabon tallafi, sai wani ya ɓullo da littafi, ko a turo adireshin intanet a WhatsApp, a ce kowa ya sa suna da lambar waya da NIN da BVN. Jama'a su miƙa ba tambaya, don mai buƙata ba ya tsayawa bincike. Ƙalilan ne suka san akwai dokar da ta taka wa mai karɓar nan birki.

Ita ce Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023, ta kuma kafa Hukumar Kare Bayanai ta Najeriya, wato NDPC, don sa ido. Tushenta sashe na 37 na tsarin mulkin 1999, wanda ya kare sirrin ɗan ƙasa da gidansa da wasiƙunsa da hirarsa ta waya.

Abin da ta ce ba wuya gare shi. Banki ne, ko asibiti, ko makaranta, ko kamfanin waya, duk mai karɓar bayananka sai ya faɗa maka ko shi wane ne, me zai yi da su, da wanda zai ba. Kada ya karɓi fiye da abin da aikin yake buƙata, kada kuma ya karkatar da su wata hanya daban. Inda yardarka ake nema, shiru ba yarda ba ne, kuma mai karɓar ne zai kawo hujjar cewa ka amince. Kana iya janye yardar, ka nemi ganin abin da aka adana a kanka, a gyara kuskure, ko a goge in babu dalilin doka na ci gaba da riƙewa. Kariyar bayanan lafiya da addini da zanen yatsa ta fi tsanani. Na yaron da bai kai shekara 18 ba kuwa, sai da iznin iyaye ko mai riƙonsa.

Inda abin ya fi ci mini rai shi ne manhajojin ba da bashi. Magidanci ya ranci kuɗi kaɗan don sayen magani, ya makara da biya, sai su kwashi lambobin da ke wayarsa su aika wa surukansa da limamin unguwa cewa ɓarawo ne. Bashi wajibi ne a biya, amma surukan nan ba su ba kowa iznin taɓa lambarsu ba, kuma tozarci ba ya cikin dalilan da doka ta halatta.

Sai dai a Zamfara akwai abin da doka ba za ta yi maka ba. Wanda ya sa a Facebook cewa gobe zai bi hanyar Funtuwa, ko ya ɗora hoton kuɗin da ya sayar da shanu, shi ya kai kansa, kuma mun san masu kai wa 'yan bindiga rahoto ba su barci. Haka lambar sirri ta ATM da lambar da banki ke turowa a saƙo: ko mai POS, ko wanda ya kira ya ce daga banki yake, ba a ba shi.

In an sace bayanai a hannun kamfani kuma akwai haɗari ga masu su, dole ya sanar da hukumar cikin awa 72. Tarar manyan masu riƙe bayanai tana iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. In an cuce ka, ɗauki hoton saƙonnin kafin ka goge komai, ka rubuta wa kamfanin, in bai gyara ba ka kai koke NDPC. Kana kuma iya zuwa kotu neman diyya.