Asabar da Lahadi a San Antonio: SeaWorld, tsoffin mishan da kogon Natural Bridge

Kwana biyu za su isa a ga wuraren nan uku?

Za su isa, amma sai da mota da kuma tsari, domin wuraren ba a jere suke ba. San Antonio na jihar Texas a Amurka. SeaWorld, wurin shaƙatawa mai dabbobin teku da lilo, yana yammacin birnin, mishan-mishan suna bin gaɓar kogi daga tsakiyar gari zuwa kudu, kogon Natural Bridge kuma yana arewa maso gabas, tafiyar kamar minti 40. Tsarin da ya fi dacewa shi ne mishan ranar Asabar da sassafe, kogo bayan azahar, Lahadi kuma a bar wa SeaWorld ita gaba ɗaya. Dalili shi ne zafi. A watannin Yuli da Agusta yakan haura digiri 35, filayen mishan ba su da inuwa sosai, cikin kogo kuwa rana ba ta da iko.

Mene ne waɗannan mishan, kuma daga wanne za a fara?

Ƙauyuka ne masu ganuwa da limaman Katolika na Sifaniya, 'yan ɗarikar Faransiskan, suka kafa domin tara 'yan asalin yankin su shigar da su addinin Kirista da zaman noma. Guda biyar ne. An kafa San Antonio de Valero, wanda aka fi sani da Alamo, a 1718, San José a 1720, sannan aka taso da Concepción da San Juan da Espada daga gabashin Texas a 1731. A 2015 UNESCO ta saka su cikin wuraren tarihi na duniya.

Yawancin baƙi a Alamo suke tsayawa saboda yaƙin da aka yi a wurin a 1836 tsakanin mayaƙan Texas da sojojin Meksiko, su koma. Wannan asara ce. Alamo yana tsakiyar kasuwanni da otal-otal, ba ya nuna yadda aka rayu. A San José ne za a ga cikakken fasalin: ganuwa, ɗakunan mazauna jikin bango, rumbun hatsi, injin niƙa mai aiki da ruwa, da tagar nan mai sassaƙa da ake kira Tagar Rosa. Cibiyar baƙi ma tana can, don haka nan ya kamata a fara. Cocin Concepción, wanda aka ƙaddamar a 1755, yana tsaye ba a sake gina shi ba, har da ragowar zanen fenti a wasu ɗakuna.

Kada a wuce Espada. Kusa da shi akwai gadar dutse mai ɗauke da ruwan ban gona tun ƙarni na 18, har yau ruwa na bi ta kanta. Magudanan nan sunansu asekiya a harshen Sifaniya, kalmar da ta fito daga Larabci, as-saƙiya, gadon zamanin Andalus.

Ana biyan kuɗin shiga?

Huɗun da ke kudu kyauta ne. Shiga cocin Alamo ma kyauta ne, amma ana karɓar tikiti mai lokaci. A tuna cewa huɗun nan har yanzu majami'u ne masu aiki. Ranar Lahadi ana ibada, wani lokaci ana ɗaurin aure ranar Asabar, to a lokacin ba a shiga yawon kallo.

Yaya cikin kogon yake?

Ɗaliban jami'ar St. Mary's huɗu ne suka gano manyan ɗakunansa a 1960, aka buɗe shi ga jama'a a 1964. Sunan ya samo asali daga wata gadar dutse mai tsawon kimanin mita 18 a bakinsa. Ana sauka har mita 55 ƙarƙashin ƙasa tare da jagora, zagayen yana cin sa'a ɗaya da ɗoriya.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar rigar sanyi. Zafin ciki digiri 21 ne rani da damina, amma danshin iska ya kai kashi 99 cikin ɗari, gumi ba ya bushewa, sai mutum ya ji kamar ya fi haka zafi. Hanyar a jiƙe take kuma da gangare, silifa na iya kayar da mutum, a sa takalmi mai ƙasan roba. Mai ciwon gwiwa ya yi la'akari da hawan dawowa. Kuma ba a taɓa duwatsun da ke rataye ko masu tsirowa daga ƙasa. Ɗigon ruwa ne ke gina su a hankali tsawon dubban shekaru, maiƙon hannu kuma yana hana su ci gaba da girma.

SeaWorld fa?

An buɗe shi a 1988. Akwai dolfin, beluga (farar ƙatuwar dabbar teku), zakin teku da oka (babban ɗan'uwan dolfin mai launin baƙi da fari), wanda kamfanin ya daina hayayyafa shi a 2016. Wasannin dabbobi suna da lokuta ƙayyadaddu, don haka a duba jadawali da isa, a cike tsakani da lilo. Kujerun gaba ruwan gishiri mai sanyi na jiƙa su, a rufe waya a leda. Wurin ninƙaya na Aquatica tikitinsa daban, ajiye mota ma ana biya. Lokacin hunturu ba kullum ake buɗewa ba, a tabbatar da ranar kafin a kama ɗaki.