Waiwaye: Tura Sojoji Ƙetare, Karɓar Lambobin Yabo, da Wanda Ke Bin Bahasi

Duk wanda ya taɓa kwana a Sabon Garin Zariya ya san amon kurata da asuba, lokacin da suke gudu a jere suna waƙa, kawunansu a aske ƙwal. Tun shekarar 1924 da aka kafa Daffo, wato cibiyar horar da sabbin sojoji ta Zariya, nan ne ƙofar da mafi yawan ƙananan sojojin ƙasar nan suka bi suka shiga aiki, kuma sunan barikin da kansa, wato Chindit, an ɗauko shi ne daga wata rundunar Birtaniya da ta yi yaƙi da Japanawa a dazukan ƙasar Bama (Myanmar ta yanzu), wadda bataliyoyin Najeriya suka kasance cikinta a 1944. Saboda haka idan ana maganar manufofin ƙasashen waje, mutumin Zariya ba baƙo ba ne a cikin zancen, domin duk shawarar da aka yanke a Legas a da, ko a Abuja a yau, a kafaɗar yaran da aka horar a garinsa take sauka.

Ina yaro akwai wani dattijo a unguwarmu a Tudun Wada wanda ya je yaƙin Bama. Lambobinsa na cikin wani tsohon gwangwani a ƙarƙashin gado, ƙyallayensu sun koɗe, kuma ba ya fito da su sai mun matsa masa. Da muka tambaye shi abin da ya haɗa shi faɗa da mutanen da bai taɓa jin sunan ƙasarsu ba, abin da ya iya faɗa mana shi ne an ce su hau jirgin ruwa, suka hau. A zamanin mulkin mallaka wannan amsa ta wadatar, tunda babu wanda talaka zai tsare da tambaya. Abin da ya kamata a duba shi ne yadda al'amarin ya kasance bayan da mulki ya dawo hannun 'yan ƙasa.

Kafin nan ma Zazzau ta riga ta ɗanɗana abin da ke biyo bayan gayyato ƙarfin waje. A 1902 Sarkin Zazzau Kwasau ya nemi taimakon Turawa a kan Ibrahim Nagwamatse na Kwantagora, wanda ya addabi ƙasarsa da hare-hare. Turawa suka zo suka kama Nagwamatse, suka girke soja a Zariya, kuma ba a daɗe ba suka tuɓe Kwasau suka kai shi Wushishi.

Gwajin farko bayan samun 'yancin kai shi ne yarjejeniyar tsaro da gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta ƙulla da Birtaniya a 1960, wadda ta ba jiragen yaƙin Birtaniya damar ratsa sararin samaniyar Najeriya da yada zango a filayen jiragenta, ita kuma Birtaniya ta riƙa horar da sojojinmu. Majalisa ta amince da ita, domin gwamnati na da rinjaye, amma 'yan adawa ƙarƙashin Obafemi Awolowo suka ƙi, ɗaliban jami'ar Ibadan kuma suka yi tattaki har harabar majalisa a Legas a watan Nuwamban shekarar. A watan Janairun 1962 aka soke yarjejeniyar. Wannan labari yana da muhimmanci saboda ya nuna wani yanayi da ya yi ta maimaituwa daga baya: majalisa ta sa hannu cikin sauri, sai matsin da ya taso daga wajen majalisa ne ya sa gwamnati ta ja da baya. A daidai wannan lokaci sojojin Najeriya suna Kwango ƙarƙashin tutar Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma gwamnatin ta katse hulɗa da Faransa a Janairun 1961 saboda gwajin bam ɗin nukiliya da take yi a saharar Aljeriya, matakin da jama'a suka yi na'am da shi.

Batun lambobin yabo ya taso ne tare da wannan. Manyan shugabannin Arewa na wancan zamani sun karɓi lambar Sarauniyar Ingila wadda ke sa a kira mutum Sa: Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, da Sardauna Ahmadu Bello, da Tafawa Ɓalewa, da Kashim Ibrahim. Babu mai hankalin da zai ce lambar ce ta sayi waɗannan bayin Allah, amma masu tsara kundin jamhuriya na 1963 sun fahimci cewa girmamawa bashi ce, kuma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Don haka suka rubuta cewa ɗan Najeriya ba zai karɓi lamba ko muƙamin girmamawa daga hukumar wata ƙasa ba sai da izinin shugaban ƙasa, in ban da abin da cibiyoyin ilimi ko na sana'a suka bayar. A 1964 aka yi dokar lambobin girmamawa na ƙasa, wadda daga gare ta ne su GCFR da GCON suka samo asali. Cewa lambar waje tana da nauyin siyasa ya fito fili a lokacin yaƙin basasa, sa'ad da Akanu Ibiam, tsohon gwamnan Jihar Gabas, ya mayar wa Birtaniya tata lambar don nuna fushinsa da goyon bayan da ta ba gwamnatin tarayya.

Da soja suka karɓi mulki, sai harkokin waje suka koma hannun mutum ɗaya da 'yan majalisarsa ta ƙoli. Wani lokaci abin ya yi kyau. Murtala Muhammad ya amince da gwamnatin ƙungiyar 'yan gwagwarmaya ta MPLA a Angola a ƙarshen 1975, ya yi fatali da matsin lambar shugaban Amurka Gerald Ford, ya kuma je Addis Ababa a Janairun 1976 ya faɗi abin da har yau ake tunawa da shi. Obasanjo ya ƙwace kadarorin kamfanin mai na BP a 1979 a kan batun mulkin farar fata tsiraru a Rodeshiya (Zimbabwe ta yanzu) da Afirka ta Kudu. Mutane sun yi alfahari da waɗannan matakai, kuma sun cancanci alfahari, sai dai sun saba mana da ɗabi'ar yaba sakamako ba tare da tambayar hanyar da aka bi ba. Illar hakan ta bayyana a Janairun 1986, lokacin da labarin shigar Najeriya ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC ya fito ta kafafen labarai, har mataimakin Babangida na lokacin, Ebitu Ukiwe, ya ce ba a tattauna batun a majalisar mulkin soja ba. Shiga ƙungiyar abu ne da ake iya karewa da hujja a bainar jama'a, amma da aka yi shi a ɓoye sai ya zama abin zargi tsakanin Musulmi da Kirista, kuma Jihar Kaduna na cikin wuraren da suka fi jin raɗaɗin irin wannan zargi.

Inda rashin bin bahasi ya fi tsada shi ne ECOMOG, wato rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ECOWAS. A watan Agustan 1990 Babangida ya tura sojoji Laberiya, shekara guda bayan ya kai ziyara Ingila inda Sarauniya ta ba shi babbar lamba, sannan Abacha ya faɗaɗa yaƙin zuwa Saliyo, inda sojojinmu suka mayar da Ahmad Tejan Kabbah kan kujerarsa a Maris na 1998. Gwamnatin da ta hana zaɓe a gida ita ce ta zubar da jinin 'ya'yanta don dawo da zaɓaɓɓen shugaba a wata ƙasa. Kusan shekara goma aka yi ana wannan aiki, kuma a mafi yawan shekarun babu majalisar dokoki da za ta ce a kawo lissafi. Adadin da aka fi ambata, wato dala biliyan 8 da ɗaruruwan rayuka, ya fito ne daga bakin shugabanni da manyan hafsoshi bayan an koma mulkin farar hula. Mutanen Laberiya da Saliyo da yawa suna godiya har gobe, kuma ina ganin shigar Najeriya ta ceci rayuka masu yawa, amma wannan bai ɗauke wa gwamnati nauyin gaya wa matar da ke zaune a barikin Basawa inda aka binne mijinta da dalilin tura shi ba.

Kundin tsarin mulki na 1999 ya yi ƙoƙarin toshe wannan kafa. Sashe na 5 ya ce shugaban ƙasa ba zai ayyana yaƙi da wata ƙasa ba sai majalisun biyu sun amince a zaman haɗin gwiwa, kuma ba za a tura ko soja ɗaya fagen fama a waje ba sai da izinin Majalisar Dattawa. An bar masa ƙofa guda: idan ya gamsu cewa tsaron ƙasa na fuskantar barazana ta kusa, yana iya tura soja bayan ya shawarci majalisar tsaro ta ƙasa, da sharaɗin ya nemi yardar dattawa cikin kwana 7 da fara faɗa, su kuma su ba da amsa cikin kwana 14. Sashe na 12 kuma ya ce yarjejeniya da wata ƙasa ba ta zama doka sai majalisa ta mayar da ita doka.

Aiki da waɗannan sassa ya zo da hawa da sauka. Bayan hukuncin kotun duniya na Oktoban 2002, Obasanjo ya sa hannu a yarjejeniyar miƙa Bakassi ga Kamaru a Yunin 2006, Majalisar Dattawa ta ce a 2007 ba a bi sashe na 12 ba, amma duk da haka aka kammala miƙawa a Agustan 2008. A Janairun 2013 Jonathan ya rubuta wa dattawa, suka amince da tura soja 1,200 Mali. A Janairun 2017 kuwa, lokacin da Yahya Jammeh ya ƙi sauka a Gambiya, jiragen yaƙinmu sun riga sun tashi kafin wani sanata ya miƙe a zaure ya yi ƙorafin cewa ba a nemi izininsu ba.

Rikicin Nijar ne ya kawo maganar har bakin ƙofarmu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ƙarƙashin Shugaba Tinubu ta ba sojojin Yamai wa'adin kwana 7 tare da barazanar amfani da ƙarfi, aka rufe iyaka, aka yanke wutar lantarki. Jihohi 7 na Arewa ne ke maƙwabtaka da Nijar, kuma ko a Zariya da ba ta bakin iyaka da wuya ka sami unguwar da babu auratayya ko ciniki da mutanen Maraɗi da Damagaram. Sanatocin Arewa suka fito suka ƙi, Majalisar Dattawa ta shawarci shugaban ƙasa a ranar 5 ga Agusta da ya bi hanyar sulhu, malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau suka tafi Yamai, limamai suka yi ta jan kunne a huɗubobin Juma'a. Ba a yi yaƙin ba. Amma rufe iyaka da yanke wuta, waɗanda suka jefa dubban 'yan kasuwa cikin asara har zuwa farkon 2024, ba su buƙaci izinin kowace majalisa ba, domin kundin bai yi magana a kansu ba. A watan Mayun 2024 kuma wasu malaman jami'a da 'yan gwagwarmaya, ciki har da Farfesa Attahiru Jega da Farfesa Abubakar Siddique Mohammed na cibiyar bincike ta CEDDERT da ke nan Zariya, suka rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa suna gargaɗin kada a bari Amurka da Faransa su dawo da sansanoninsu na Sahel cikin Najeriya, gwamnati kuma ta fito ta ce babu irin wannan shiri.

A ɓangaren lambobin yabo, baya aka koma. Kundin 1999 bai maimaita sharaɗin 1963 ba. Abin da ke akwai shi ne ƙa'idar ɗa'ar ma'aikata, wadda ta ce kyautar da aka ba jami'i a wurin bikin hukuma ta hukumar da yake wakilta ce, amma lamba ba mota ba ce da za a ajiye a garejin gwamnati, sunan mutum ake rubutawa a kanta. Amurka ta ɗora izinin karɓar irin wannan a hannun majalisarta, Indiya kuma ta hana ɗan ƙasarta karɓar muƙamin sarauta daga wata ƙasa. Mu a nan, ko da an dawo da tsohon sharaɗin yadda yake, tambaya za ta rage game da wanda zai ba shugaban ƙasa izini idan shi ne mai karɓa. Buhari ya karɓi babbar lambar Nijar daga Mahamadou Issoufou a Maris na 2021. A Agustan 2022 ministar kuɗi ta tabbatar da cewa an sayi motoci na sama da naira biliyan 1 an ba Nijar don taimakon tsaro, bayan takardar ta fallasa a intanet, kuma a makon ne shugaban Nijar na lokacin, Mohamed Bazoum, ya karrama wasu gwamnoni da attajiran Najeriya. Taimakon maƙwabci abu ne mai kyau, kuma babu wata hujja da ta haɗa abubuwan biyu, amma da an sanar da majalisa da jama'a tun farko da babu wanda zai sami abin zargi.

Babban giɓin da ya rage a sashe na 5 shi ne ya tsaya a ranar tafiya. Bai wajabta wa shugaban ƙasa ya dawo gaban majalisa bayan wata shida ko shekara ya faɗi nawa aka kashe, mutum nawa aka rasa, da ranar da za a dawo da sauran ba. Gyaran wannan yana hannun 'yan majalisa, cikinsu har da sanatan Kaduna ta Arewa da wakilan Zariya da Sabon Gari, waɗanda Daffo ke ƙasarsu, kuma duk shekara dubban kurata ke fita daga cikinta da takardar inda aka tura su.