Wallafa littattafan doka da laburaren lauyoyi, daga takarda zuwa intanet

Wallafa doka shine aikin tattara dokokin da majalisu suka kafa da hukunce-hukuncen da kotuna suka yanke da sharhin da masana suka yi a kansu, a tsara su a buga yadda lauya ko alƙali ko ɗalibi zai nemo abinda yake so ba tare da ya sha wahala ba. Laburaren doka kuma nan ne ake ajiye kayan. Harkar tafi ƙarfi a ƙasashen da suka gaji tsarin shari'ar Ingila, saboda a wannan tsarin hukuncin da babbar kotu ta yanke jiya shi ƙaramar kotu zata bi yau in maganar iri ɗaya ce, to kaga kuwa hukuncin da ba'a rubuta an buga ba kamar ba'a yanke shi bane, da wuya wani ya iya kafa hujja da shi.

Yadda abin ya faro

A Ingila tun wajen ƙarni na 13 ake rubuta abinda ya gudana a kotu cikin wasu littattafai na shekara-shekara, da wani irin Faransanci na lauyoyi, har zuwa 1535 da aka daina. Daga nan sai kowa ya kama gabansa, lauya ko alƙali ya rubuta nasa rahoton ya sa sunansa a kai, irinsu Plowden da Coke. Wasu sun yi aiki mai kyau, wasu kuwa har alƙalai basa son a kawo musu littafinsu dan kuskure ya yi yawa. Sai a 1865 lauyoyin ƙasar suka kafa majalisa guda da ta ɗauki nauyin buga rahotanni masu inganci, kuma har yau tana nan tana aiki.

A Amurka ne harkar ta zama kasuwa sosai. John B. West, wani mai sayar da littattafai a St. Paul ta jihar Minnesota, ya fara kasuwancinsa a 1872, ya lura lauyoyi suna jiran watanni ko shekaru kafin gwamnatin jiha ta buga hukunci, sai ya shiga bugawa da sauri. Zuwa ƙarshen shekarun 1880 kamfanin West ya riga ya raba ƙasar shiyya-shiyya yana buga hukuncin manyan kotunan kowace jiha. Amma ba bugawar ce ta sa ya gagara ba. Abinda ya yi shine ya sa editoci su karanta kowane hukunci su fitar da ƙa'idojin da ke ciki a ɗan taƙaitaccen bayani a saman shafi, sannan kowace ƙa'ida a bata lamba a ƙarƙashin maudu'inta, ta yadda in ka samu lambar guda ɗaya to ka samu hanyar duk wani hukunci da ya taɓa wannan maganar a faɗin ƙasar. Hukuncin na jama'a ne, amma mabuɗin na kamfani ne, kuma gaskiya kusan duk rigimar da ake yi a wannan fannin har yanzu a nan take.

Akwai kuma Frank Shepard da ya fara aikinsa a 1873. Matsalar da ya gani ita ce lauya zai iya riƙe hukunci yana ta taƙama da shi alhali wata kotu ta riga ta soke shi. Sai ya rinƙa buga ƴan ƙananan takardu masu gam, a jikinsu an jera duk shari'un da suka ambaci wani hukunci daga baya, lauya ya yanka ya liƙa a gefen shafin littafinsa. Daga baya suka zama littattafai masu zaman kansu, har sunansa ya zama kalmar da lauyoyin Amurka ke kiran wannan binciken da ita.

Aikin laburare

Wanda bai taɓa shiga laburaren doka ba zai ga littattafai ne kawai iri ɗaya launi ɗaya jere har rufi, sai ya ɗauka ba mai iya gane kan su. Sirrin yana cikin lambar ambato. Misali in aka rubuta 347 U.S. 483, ana nufin mujalladi na 347 na rahoton Kotun Ƙolin Amurka shafi na 483, wato hukuncin 1954 da ya haramta raba makarantun baƙaƙe da farare. Da wannan ƴan haruffan zaka miƙe kai tsaye zuwa kanta ka zaro littafin.

Abinda ya bambanta wannan laburaren da sauran shine kayansa basa zama wuri ɗaya, doka kullum canzawa take. Shi yasa aka ƙirƙiro littattafan da ake kwance shafukansu, duk wata ko sati sai maɗaba'a ta aiko da ƙunshin sabbin shafuka da takardar umarni, cire shafi kaza zuwa kaza ka sa waɗannan, ma'aikaci ya zauna ya buɗe ƙarfen ya bi ɗaya bayan ɗaya, in ya tsallake ƙunshi ɗaya tak to littafin ya koma yana faɗin tsohuwar doka kuma ba abinda zai nuna wa mai karatu haka. Wasu littattafan kuma aljihu ake musu a bangon baya ana cusa ƙarin bayanin shekara. Aiki ne da ba'a cika yabawa ba, amma shari'ar mutum tana iya tashi ko faɗuwa a kansa.

Laburaren doka na Majalisar Dokokin Amurka da aka kafa a 1832 shi ake ɗauka mafi girma a duniya, yana da mujalladai kusan miliyan uku, harda dokokin ƙasashen da yanzu ma babu su. Wajen jera littattafai kuma, laburare da yawa a ƙasashen renon Ingila suna bin tsarin Elizabeth Moys da ya fito a 1968, wadda ta taɓa aiki a Jami'ar Legas. A Najeriya ma marigayi Gani Fawehinmi ya fara buga rahoton shari'a na mako-mako a 1985, NWLR, wanda ya sa hukuncin manyan kotuna ya rinƙa isa hannun lauyoyi da wuri.

Zuwan kwamfuta

Rumbun binciken doka na kwamfuta mai suna Lexis ya fito a 1973, Westlaw na kamfanin West ya biyo baya a 1975. Yanzu kenan zaka iya neman kalma a cikin hukuncin kansa ba sai ka bi ta lambar edita ba. Sauƙi ya samu ƙwarai, sai dai an koma haya maimakon mallaka, littafin da ka saya naka ne ko bayan shekara hamsin, rumbun intanet kuwa ranar da kuɗin rajista ya ƙare ranar ƙofa ke rufewa. Kamfanonin kuma suka yi ta haɗiye juna, Reed Elsevier ya sayi Lexis a 1994, Thomson ya sayi West a 1996, kasuwar ta koma hannun ƴan tsiraru. Manyan ofisoshin lauyoyi da yawa sun kwashe kantocinsu sun rage laburaren, ma'aikatan suka koma masu koyar da bincike da cinikin lasisi.

Yunƙurin buɗe doka kyauta

Hujjar masu wannan yunƙurin a fili take, tunda an ce rashin sanin doka ba uzuri bane to ba daidai bane a ce sai mutum ya biya kafin ya karanta dokar da za'a hukunta shi da ita. Tun 1834 a shari'ar Wheaton da Peters Kotun Ƙolin Amurka ta ce ba wanda ke da haƙƙin mallakar hukuncinta, a 2020 kuma ta sake cewa jihar Jojiya bata da haƙƙin mallaka akan kundin dokokinta mai sharhi, alƙalai biyar suka rinjayi huɗu. A aikace kuwa Jami'ar Cornell ce ta fara sa doka a intanet kyauta a 1992, AustLII ta Ostireliya ta biyo a 1995, BAILII ta Birtaniya da Ailan a 2000, sai CanLII ta Kanada da SAFLII ta kudancin Afirka da Kenya Law da sauransu, a 2002 irin waɗannan cibiyoyin suka fitar da sanarwar Montreal akan ƴancin samun doka. A 2001 kotunan Ingila suka fara ba hukunci lambarsa tun daga kotu tare da lambar sakin layi, kaga ba sai an dogara da shafin littafin wani kamfani ba kafin a ambace shi, wannan ƙaramin gyaran ya yi amfani fiye da yadda ake zato.

Laburaren doka na Jami'ar Harvard ya yi wani aiki da ya kamata a sani. Sun ɗauko mujalladai kusan 40,000 suka yanke ƙashin bayan kowanne suka zura shafukan a na'urar sikanin, aka samu hukunce-hukunce sama da miliyan shida na tsawon shekara 360, a 2024 aka sake su gaba ɗaya ga kowa. Matsalar shafukan kyauta dai ita ce kuɗin gudanarwa, kuma da yawansu rubutun hukuncin kawai suke baka, basa gaya maka dalla-dalla ko an soke shi.

Ƙirƙirarriyar basira

A 2023 Thomson Reuters, mai Westlaw, ya sayi kamfanin Casetext akan dala miliyan 650 saboda manhajarsa mai amsa tambayar lauya da taƙaita takardu. A shekarar ne kuma wata kotun tarayya a New York, a shari'ar wani mutum mai suna Mata da kamfanin jiragen sama na Avianca, ta ci tarar lauyoyi dala 5,000 bayan sun shigar da takarda mai ɗauke da shari'u shida da ChatGPT ya ƙirƙiro, da sunaye da lambar mujalladi da shafi kamar gaske, aka je nema ba'a samu ko ɗaya ba. Tun daga nan wasu alƙalai suka fara neman lauya ya tabbatar da cewa mutum ya duba duk abinda ya ambata. A watan Fabrairun 2025 kuma wani alƙali a Delaware ya yanke cewa kamfanin Ross ya keta haƙƙin Westlaw da ya yi amfani da taƙaitattun bayanan editocin Westlaw wajen horar da tasa manhajar, wato dai waɗannan ƴan layukan na saman shafi da kamfanin West ya fara sawa tun ƙarni na 19.